Bishiyar Fayin ta Karebiyan: Asalinta, Dashenta da Kula da Ita a Harabar Gida

Fayin ta Karebiyan, wadda masana tsirrai ke kira Pinus caribaea, doguwar bishiya ce mai ganye siri-siri kamar allura, wadda ke zama kore shar rani da damina. Tana daga cikin dangin itatuwan da ba su yin fure irin wanda aka saba gani, sai dai su ɗauki irinsu a cikin wani kwanso mai ɓawo hawa-hawa, mai kama da ƙaramar abarba. Baƙuwa ce a ƙasar Hausa, don haka ba ta da suna na asali a harshenmu. Sunan fayin aro ne daga Turanci. A 'yan shekarun nan jama'a na ƙara sha'awar dasa ta a harabar gidaje da makarantu da ma'aikatu saboda kyan tsayuwarta, sai dai da yawa daga cikin dashen da ake saya da tsada ba su ganin damina ta biyu. Dalilan hakan sanannu ne, kuma akasarinsu ana iya kauce musu tun kafin a haƙa rami.

Asali da siffa

Asalin wannan bishiya shi ne yankin Amurka ta Tsakiya da wasu tsibiran tekun Karebiyan. Wani Bafaranshe masanin halittu mai suna Morelet ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1851. Masana sun kasa ta gida uku: akwai ta yammacin Kyuba, akwai ta tsibiran Bahamas da na Turks da Caicos, sannan akwai ta Honduras, wadda ke tsirowa a Beliz da Gwatamala da Honduras da Nikaraguwa. Wannan ta ukun ita ce ta fi saurin girma, ita ce kuma aka fi yaɗawa a ƙasashe masu zafi, tun daga Benezuwela da Barazil har zuwa Fiji da arewacin Ostireliya.

A inda ta samu ƙasa da ruwa yadda take so, takan kai tsawon mita 20 zuwa 35, wani lokaci ma ta zarce haka, kaurin kututturenta kuwa yakan kai santimita 50 zuwa 80 daga gefe zuwa gefe. Ɓawonta mai kauri ne, mai tsage-tsage, launinsa tsakanin toka-toka da ja. Ganyen yana fitowa ne a ɗaure, galibi uku-uku, kowane ɗauri da ɗan kube a gindinsa, tsawon kowace allura kuma santimita 15 zuwa 25. Irin yana da fiffike guda ɗaya mai kama da na shinge, wanda iska ke ɗauka idan kwanson ya bushe ya buɗe.

Ya kamata mai saye ya lura cewa akwai itatuwa uku da ake yawan sayarwa a bakin titi da sunan fayin. Ta farko ita ce kasharina, wadda iska ke kaɗawa tana fito. Abin da ake zaton ganyenta ne, ƙananan rassa ne masu gaɓa-gaɓa, idan aka ja sai su tsinke a kan gaɓa. Allurar fayin ba ta da gaɓa, kuma idan aka murje ta a hannu sai a ji ƙanshin ƙaro. Ta biyu ita ce arokariya, mai rassa hawa-hawa kamar an jera faifai, wadda ake ƙawata ta lokacin Kirsimeti. 'Yar uwar fayin ce ta nesa, daga tsibirin Norfolk. Ta uku kuwa ita ce doguwar bishiyar nan ta Indiya mai faffaɗan ganye da rassa a sunkuye, wadda ake jerawa a jikin katanga, ita kam ba ta haɗa komai da fayin ba sai tsawo. Kowace da irin kulawar da take buƙata, saboda haka bayanin da ke tafe na fayin ne kaɗai.

Zuwanta Nijeriya

Ba don ado aka shigo da fayin Nijeriya ba. An kawo ta ne domin katako, musamman kuma domin masana'antun takarda irin na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, kasancewar zaren itacenta dogo ne, shi ne ke ba takarda ƙarfi. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda ta faro a matsayin sashen bincike na tarayya a 1954, tare da tasharta ta Samaru da ke Zariya wadda aka buɗe a shekarun 1960, su ne suka gudanar da akasarin gwaje-gwajen. An kafa gonakin gwaji a Afaka kusa da Kaduna, da Miango a kan tsaunin Jos, da Nimbiya a kudancin Jihar Kaduna, haka kuma an dasa nau'o'in fayin a tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba. Masana'antun takardar sun durƙushe daga baya, amma ilimin da aka tara a waɗannan gonaki yana nan, kuma shi ne madogarar duk mai son dasa ko da bishiya ɗaya ce a gidansa.

Inda take yi da inda ba ta yi

Wannan shi ne batun da ya fi kowane muhimmanci, shi ne kuma masu sayar da dashe ba su cika faɗa ba. Fayin ta Karebiyan na buƙatar ruwan sama da bai gaza milimita 1,000 a shekara ba, ta fi jin daɗi idan ya kai 1,200 zuwa sama, kuma rani bai wuce wata shida ba. Bisa wannan ma'auni, tsaunin Jos, mai tudun kimanin mita 1,200 da ruwan sama wajen milimita 1,400, wuri ne da ya dace da ita ƙwarai. Haka ma kudancin Kaduna da Abuja da Nasarawa da sassan Neja da Taraba. Garin Kaduna na cikin iyaka, Zariya kuwa tana bakin gaɓa: bishiyar za ta iya rayuwa, amma sai a ƙasa mai zurfi tare da ban ruwa a shekarun farko.

A Kano da Katsina da Sakkwato da Gusau da Damaturu da Maiduguri kuwa, magana ta gaskiya ita ce kada a ɓata kuɗi. Ruwan bai isa ba, ranin ya yi tsawo, zafin bazara kuma yana dafa ƙasa har ya kashe abin da saiwar ke dogaro da shi. Mutum ya je Jos ya ga fayin ta yi kyau, ya sayo dashe ya ɗoro a bayan mota, ba a rufa wata uku ba sai ya tarar da tsinke ja a cikin rami. Wanda ke waɗannan yankuna yana son doguwar bishiya mai zama kore, darbejiya da maɗaci da kasharina sun fi masa alheri nesa ba kusa ba. A wurare masu tudu da sanyi sosai kamar Gembu kuwa, wasu nau'o'in kan fi ta Karebiyan yi, alal misali Pinus kesiya ta kudu maso gabashin Asiya, da Pinus oocarpa da Pinus patula na Meziko da maƙwabtanta.

Ta fuskar ƙasa, fayin ba ta da kwaɗayi. Tana yi a jar ƙasa da jigawa marasa ƙarfi, muddin suna da zurfin da ya haura mita 1, ruwa ba ya kwanciya a kansu, kuma suna da ɗan tsami, wato ma'aunin pH tsakanin 5 da 6. Abubuwa uku ne ba ta shiri da su: marmara a kusa da saman ƙasa, wadda ke tare saiwa, laka mai riƙe ruwa irin ta fadama, da ƙasa mai kanwa-kanwa. Wannan na ƙarshe ya shafi sababbin gidaje kai tsaye, domin harabar gidan da aka gama ginawa cike take da ɓaraguzan siminti da farar ƙasa da magina suka binne. Dashen da aka sa a irin wannan wuri yakan yi ɗorawa-ɗorawa, ya tsaya cak, mai gida ya yi ta zuba taki bai san daga inda cutar take ba.

Funfunar saiwa

Akwai wani sirri a rayuwar fayin da ya daɗe yana wahalar da ma'aikatan gandun daji a ƙasashe masu zafi. Saiwar fayin ba ta iya tsotsar abinci yadda ya kamata ita kaɗai. Sai da taimakon wata funfuna da ke lulluɓe ƙananan saiwoyi, ta miƙa zarenta cikin ƙasa tana jawo ruwa da sinadarin fosfaras, ita kuma bishiya ta biya ta da sukarin da ganye ke haɗawa. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ake kira maikoraiza, sunan da Bajamushen masani A. B. Frank ya raɗa a 1885. Ƙasarmu ta asali ba ta da irin funfunar da fayin ke buƙata, tun da ba a taɓa samun fayin a cikinta ba.

A tsibirin Puerto Rico an shafe shekaru ana shuka fayin tana tsira ta mutu, sai a 1955 da aka ɗebo ƙasa daga gindin fayin a jihar North Carolina ta Amurka aka zuba wa dashe, sannan aka ga ya miƙe. Ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, sun sha irin wannan wahala kafin a gano bakin zaren. Har ila yau an lura cewa zafin ƙasa mai tsanani na kashe funfunar, musamman a cikin baƙar ledar reno da aka bari a tsakiyar rana, shi ya sa masu bincike a nan ƙasar suka gwada wani nau'i mai jure zafi da ake kira Pisolithus tinctorius.

Abin da wannan ke nufi ga mai gida shi ne, ya sayi dashe daga wurin renon da ya saba da fayin, ya kuma nemi a zare masa leda ɗaya ya duba. Idan funfunar ta kama, zai ga ƙananan saiwoyi gajeru masu kauri sun rabu biyu-biyu, da farin zare kamar saƙar gizo a jikin ƙasar. Wanda zai rena da kansa kuwa, sai ya ɗebo ƙasar sama tare da ruɓaɓɓen ganye daga gindin tsohuwar fayin mai lafiya, ya cakuɗa kashi ɗaya cikin goma a ƙasar reno, kuma kada ya bari ta bushe ko ta sha rana a hanya. Idan daga gandun gwamnati za a ɗebo, wajibi ne a nemi izinin malamin daji. Laimar kwaɗi da ke fitowa a gindin fayin da damina sau da yawa ta wannan funfuna ce, ba cuta ba ce ga bishiyar, amma a hana yara ci.

Reno daga iri

Ana tsinko kwanso ne idan ya fara juyawa daga kore zuwa ƙasa-ƙasa, a shanya shi a rana har ya buɗe, a kaɗe irin, a murje fiffiken. A wurare da dama a Nijeriya bishiyar kan yi kwanso amma akasarin irin holoƙo ne, don haka a zuba shi a ruwa a zubar da wanda ya taso. A shuka a watan Nuwamba ko Disamba, zurfin bai kai santimita 1 ba, a ƙarƙashin rumfar ciyawa mai barin ɗan haske. Yakan tsira cikin mako ɗaya zuwa uku. Yawan ban ruwa a wannan mataki na jawo ruɓewar wuya, inda za a wayi gari a ga tsiron ya kwanta. Bayan wata shida zuwa takwas, idan ya kai santimita 20 zuwa 30, ya isa dashe. Ga mai buƙatar bishiya biyu ko uku, sayen dashe ya fi wannan wahala sauƙi.

Zaɓen wuri da dashe

A tuna cewa ɗan tsiron da ke cikin leda wata rana zai fi bene mai hawa biyar tsawo. A ba shi tazarar aƙalla mita 8 zuwa 10 daga ɗaki, a nisanta shi da wayar lantarki da rijiya da ramin masai. Hadarin farkon damina yakan zo da iska mai ƙarfi, kuma fayin da saiwarta ta ci karo da marmara takan tuge gaba ɗaya. Bugu da ƙari, allurar da ke zuba a kan kwano tana toshe indararo, ta riƙe danshi har kwanon ya yi tsatsa. Wurin kuma ya kasance fili mai rana tun safe har yamma, domin fayin ba ta jure inuwa ko kaɗan; wadda aka dasa a ƙarƙashin mangwaro ba za ta yi komai ba. Idan jeri za a yi, a bar mita 4 zuwa 5 tsakani, ko da yake a gandun katako mita 3 ake bari don a rage daga baya.

A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a ware ƙasar sama gefe guda, a tsince duk wani ɓaraguzai. Idan aka tarar da marmara marar kauri a fasa ta da diga. Idan mai kauri ce a sauya wuri. A dasa bayan damina ta zauna sosai, wato Yuni zuwa tsakiyar Yuli, da yamma ko a ranar da gari ya lumshe. A yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi tare da duk saiwar da ta nannaɗe, a tsage gefen, a zare ledar ba tare da ƙasar ta warwatse ba, domin a cikinta funfunar take. Kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a leda. Tsohon dashe da ya shekara biyu a ƙaramar leda, duk da ya fi burge mai saye, saiwarsa ta riga ta murɗe, kuma irinsa ne kan karye daga gindi bayan shekaru.

Dangane da taki, gwaje-gwajen da aka yi a yankinmu sun nuna cewa fosfaras ne fayin ta fi rasawa. Ɗan cikin hannu na takin sufa, a barbaɗa a kewaye da tazarar taƙi ɗaya daga gindi bayan mako uku da dashe, ya wadatar. A guji yuriya a shekarar farko, haka ma ɗanyen kashin kaji, domin suna ƙona saiwa. Toka da ruwan wanki mai sabulu ko omo, waɗanda akan kai gindin bishiya da kyakkyawar niyya, kashe tsamin ƙasa suke yi.

Kulawa a shekarun farko

Babbar abokiyar gabar ƙaramar fayin ita ce ciyawa, musamman tofa da gamba, masu ƙwace mata ruwa da abinci. A riƙa nome kewayenta faɗin mita 1 har shekara uku, amma a yi noman sama-sama saboda ƙananan saiwoyi. A rani biyu na farko a ba ta bokiti ɗaya ko biyu sau ɗaya a mako, a ƙara zuwa sau biyu a Maris da Afrilu. Ban ruwa mai yawa lokaci-lokaci ya fi yayyafi kullum, domin shi ke sa saiwa ta nutsa. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa don rage zafin ƙasa, amma kada ta taɓa jikin dashen saboda gara. Gara ba ta damun fayin kamar yadda take damun bishiyar turare, sai dai dashen da ƙishirwa ta raunana ba ya tsira daga gare ta. A kewaye shi da waya ko ƙaya saboda awaki. Akuya ɗaya ta cinye tsiron ƙoli, bishiyar ta rasa miƙewarta ke nan. Idan komai ya tafi daidai, za a ga ƙarin tsawo na kimanin mita 1 a kowace shekara.

Cewa ba ta kaɗe ganye ba ya nufin ganyen ba ya zuba. Tsofaffin allurai na can ciki kusa da kututture sukan yi ja su zube, galibi da hunturu, wannan kuwa al'adarta ce. Abin damuwa shi ne idan jan ya faro daga bakin rassa ko daga ƙoli, wanda ke nuna ƙishirwa ko ruɓewar saiwa. Wani lokaci kuma, musamman a wurare masu zafi da yawan ruwa, akan samu bishiyar da za ta miƙe mita da yawa babu reshe ko ɗaya, sai ganye kamar wutsiyar dila. Irin wannan iska na saurin karya ta, gara a cire ta tun tana ƙarama a sa wata.

Wuta da sara

Allurar da ta taru a gindin fayin busasshiya ce mai ƙaro, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Babbar bishiya mai kaurin ɓawo takan tsallake ƙaramar wuta, domin a ƙasarta ta asali ma da gobarar daji ta saba, amma wadda ba ta kai shekara biyar ba ƙurmus take yi. Al'adar share tsakar gida a tara shara a gindin bishiya a cinna mata wuta ba ta dace da fayin ba sam. Makarantu da ma'aikatu masu jerin fayin a bakin daji su share hanyar tare wuta mai faɗin mita 3 zuwa sama tun watan Nuwamba, kafin masu farautar gafiya su fara aikinsu.

Fayin ta Karebiyan ba ta yin toho daga kututture ko tsohon reshe kamar yadda darbejiya ke yi. Duk abin da aka sare ya tafi ke nan. Saboda haka kada a datse kanta da nufin rage mata tsawo, domin abin da zai biyo baya shi ne rassa biyu ko uku masu rauni suna gasar hawa sama, ga ruɓa tana shiga ta wurin saran. Abin da ya halatta shi ne cire busassun rassa da na ƙasa-ƙasa, da zarto ba da adda ba, a lokacin rani, kuma kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawon bishiyar.

Amfaninta

Inuwarta ba ta da kauri. Mai neman wurin shimfiɗa tabarma da rana ya nemi ceɗiya ko durumi. Amfaninta a gida shi ne ado da tare iska da ƙura. Katakonta mai sauƙin aiki ne, ana yin silin da akwatuna da kayan ɗaki da shi, amma ba ya jure gara ko danshi sai an sa masa magani, kuma gungumen da aka bari a ƙasa ba a tsaga ba yakan yi shuɗin tabo cikin 'yan makonni. Daga ƙaronta ake samun man tafentin da ake sirka fenti da shi. Busassun kwansuna na da kyau wajen hura wuta, amma itacen yana tartsatsi da baƙin hayaƙi, bai dace da gashin nama ba.

Idan tsohuwar fayin ta fara karkata, ko ƙasa ta tsage a gefen gindinta bayan ruwa, ko rabin kanta ya bushe, kada a jira hadari na gaba. A sanar da ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma domin a duba ta, a kuma tambayi ko ana buƙatar takardar izini kafin sara. Bishiya mai tsawon mita 25 a tsakanin gidaje daga sama ake sauke ta gunduwa-gunduwa da igiya, kuma aikin ƙwararru ne.